Wankin fim baƙi da fari a gida: wane fim da wane magani ne suka dace da Kano?

Jadawalin wankin fim da kamfanonin Kodak da Ilford da Foma ke bugawa, a kan ruwa mai zafin digiri 20 aka gina shi. Mutumin Ingila ko Jamus famfo kawai zai buɗe, wani lokacin ma sai ya ɗan ɗumama ruwan kafin ya kai haka. Mu kuwa a Kano, daga Maris zuwa Mayu, ruwan da ya wuni a tankin saman rufi yakan haura digiri 30, ɗakin da za a yi aikin ma bai fi shi sanyi ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa shawarar da ta yi wa mai hoto a Landan daidai ta ɓata wa na Fagge ko na Gwammaja aiki. Ka haɗa da ƙurar hunturu, da wutar da ba a dogara da ita wajen ajiye kaya a firji, da kuma cewa fim da maganinsa kusan duk daga waje ake sayo su, sai ka ga zaɓin nan yana bukatar lissafi irin namu.

Ra'ayina shi ne, fim a zaɓe shi da la'akari da ranarmu, magani kuma da la'akari da zafinmu. Maganin da zai daɗe a kan kanta bai mutu ba, kuma zai ba ka isasshen lokaci a cikin tankin wanki, wato ƙaramin mazubin da ake rufe fim a ciki, ko da ruwan ya kai digiri 24, shi ne naka, ko da wani ya fi shi suna.

Fim ake fara saya, don haka mu fara da shi. Lambar da ke jikin kwali, 100 ko 400, ita ce saurinsa wajen kama haske. A waje 400 ake ce wa sabon shiga ya saya, saboda sararinsu yawanci a lulluɓe yake da gajimare. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta ce in rana ta take, ka tsuke ƙofar haske zuwa f/16, saurin shata, wato labulen da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga, zai zo daidai da lambar fim. Wato da fim 400 kana kan 1/500 na daƙiƙa da f/16 tun daga hantsi har la'asar. Tsofaffin kyamarorin da suka fi yawa a hannun mutane, irin su Pentax K1000 da Canon AE-1, a 1/1000 suka tsaya, Yashica mai ido biyu kuwa a 1/500. Ka ga babu wurin motsi ke nan, ba za ka iya buɗe ƙofar haske don fuskar mutum ta fito abin da ke bayansa ya dusashe ba. Da fim 100 ko 125 kana iya sauka har f/5.6 a 1/1000. Saboda haka a fili, cikin rana, ƙaramar lamba ce ta fi yi mana aiki.

Sai dai rabin abin da ya cancanci a ɗauka a garin nan a inuwa yake. Lungunan Kasuwar Kurmi, rumfunan Kantin Kwari, zauren gida, shagon baduku, makarantar allo bayan magariba: a irin waɗannan wurare 400 ɗin ma da ƙyar yake kaiwa. Duk wanda zai daɗe a harkar nan, fim biyu zai riƙe, na rana da na inuwa.

Akwai matsalar da ta fi wannan girma, kuma ita ce ta fi yanke hukunci a wurina. Ɗauki mahayi a Hawan Daushe: farin rawani, amawali ya rufe masa baki, idanu da goshi sun shige inuwa, kayan doki suna ta walƙiya cikin ranar la'asar. Ma'aunin hasken kyamara farin nan yake gani, sai ya ce haske ya yi yawa, a rage. In ka bi shi, ka wanke fim ɗin cikakken lokacin da takarda ta ce, ka ɗaga shi a haske, wurin fuskar zai fito fayau babu komai a ciki, rawanin kuma ya zama baƙin dunƙule wanda hasken injin buga hoto ba ya iya ratsawa. A hoton da aka buga sai ka sami farin da babu ko lanƙwasar yadi, da fuskar da babu ido. Haka abin yake da ango cikin farar shadda, da dattijo a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Maganin abin sananne ne: a ƙara wa fim haske wajen ɗauka, a rage masa lokaci wajen wanki. Fim 400 ka saita kyamara a 200 ko 250, ka rage kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na lokacin wanki. Ƙarin hasken yana cika inuwa, ragin lokacin yana hana fari toshewa, domin wuraren haske ne ke ci gaba da yin kauri muddin fim yana cikin magani, inuwa kuwa da wuri take gama nata. Fim ɗin da ke karɓar irin wannan juyi ba tare da gardama ba shi nake nema.

A nan Ilford HP5 Plus da Kodak Tri-X ne manya. Tri-X ya fito a naɗi tun 1954, kuma da shi aka ɗauki ɗimbin hotunan jarida na ƙarnin da ya wuce. Baƙinsa yana da nauyi, barbashinsa, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoton, yana da kaifi, hoton yakan fito da ƙarfi tun ba a taɓa shi ba. HP5 Plus, wanda ya fito a 1989, ya fi shi sanyin hali: tazarar baƙi da fari ba ta kai ta Tri-X ba, inuwa tana buɗewa, kuma yana bushewa a miƙe, ba ya yawan nannaɗewa. Masu son Tri-X sukan ce HP5 ya cika toka-toka. A ƙasar gajimare suna da hujja. A ƙasar da rana ke raba baƙi da fari da kanta, wannan laushin shi ne abin nema, kuma ƙara ƙarfi wajen bugawa ya fi sauƙi a kan dawo da fuskar da ba ta hau fim ba tun farko. Ga shi yana jure turi: ka ɗauka a 800 ko 1600 cikin Kurmi, ka ƙara lokacin wanki, ya ba ka abin kirki. Tri-X kuma yawanci ya fi tsada. Ni HP5 na zaɓa.

A ɓangaren rana, Ilford FP4 Plus mai lamba 125 shi ne takwaransa. Barbashinsa ƙanana ne, yana yafe kuskuren awo, kuma fatar mutum tana fitowa da taushi a kansa.

Wanda aljihunsa bai kai nan ba, Kentmere 100 da 400 ne gabansa. Kamfanin Harman da ke yin fim ɗin Ilford a Mobberley ta Ingila shi ke yin su. Ba su kai yayyensu zurfin inuwa da tsabtar barbashi ba, amma bambancin bai kai yadda farashi ya bambanta ba, kuma suna jure wanki kamar sauran kayan gidan. Mai koyo ya ƙona naɗi goma na Kentmere ya fi masa amfani a kan ya yi ta tattalin naɗi uku na Tri-X yana tsoron danna shata.

Fomapan ne ke bukatar dogon bayani, don shi ya fi araha, kuma shi ido ke fara kaiwa. Kamfanin Foma na garin Hradec Králové a ƙasar Cek yana aiki tun 1921, kuma Fomapan 100 fim ne mai kyan gaske, hotonsa yana da kamannin na da. Amma jelatin ɗinsa, wato shafen da ke riƙe hoto a jikin fim, ya fi na Ilford da na Kodak laushi. In ruwa ya yi ɗumi sai ya kumbura, farce ko gefen kwarkwaron da ake naɗa fim a kai don wanki ya taɓa shi kaɗan sai ya karce, in kuma aka fitar da shi daga magani mai sanyi aka zuba masa ruwa mai zafi yana iya yamutsewa. A hunturu, lokacin da ruwan safe ke sauka kusa da digiri 20 da kansa, babu abin da zai hana ka more shi. A bazara sai mai taka-tsantsan. Fomapan 400 kuwa, a yawancin magunguna bai cika 400 ba, masu amfani da shi a 200 ko 250 suke saita shi, ka ga bai biya bukatar da ta sa ake sayen fim mai sauri ba. Haka nan in za ka bar shata a buɗe da daddare, takardar Foma da kanta ta ce awon daƙiƙa 10 sai an ninka shi sau 8 a Fomapan 100. Fujifilm Acros II, wanda ya fito a 2019, ba ya bukatar gyara har zuwa daƙiƙa 120, sai dai kuɗinsa ba na wasa ba ne.

T-Max na Kodak, wanda ya fito a 1986, da Delta na Ilford, wani gini ne daban. An shimfiɗa ƙwayoyin azurfarsu sun yi faɗi, don haka barbashi ya ragu ƙwarai, kaifi ya ƙaru. In zayyanar bangon Gidan Makama kake so ta fito dalla-dalla a babbar takarda, Delta 100 ko T-Max 100 za su fi FP4. Kuɗin wannan kyau shi ne ba sa son sakaci: ƙarin digiri ɗaya ko biyu a tanki yana bayyana a wuraren haske nan da nan, musamman a T-Max, wanda kuma yake shan fiksa da yawa, wato maganin da ke tabbatar da hoto a jikin fim, in ba a ba shi lokaci ba ya bar launin hoda a jiki. Sai hannunka ya zauna a kan awon zafi sannan ka je gare su. Pan F Plus mai lamba 50 ban ba da shawararsa ba: yana da tsanani a rana, kuma Ilford ta ce a wanke shi cikin wata uku da ɗauka saboda hoton da ke ɓoye a jikinsa yana dusashewa. Masu lamba 3200 su suka fi saurin lalacewa da zafi da na'urar binciken kaya ta filin jirgi.

Hunturu yana juya lissafin nan gaba ɗaya. In ƙura ta sauka, ka hau Dutsen Dala ka dubi gari, komai ya zama toka ɗaya, babu inuwa mai kaifi. Gilashin rawaya a gaban kyamara yana ɗan taimakawa amma ba ya huda ƙura. A irin wannan rana fim a lambarsa ake ɗauka, a ƙara masa kashi 10 zuwa 20 na lokacin wanki. Shi ya sa ya kyautu a rubuta a jikin gwangwanin kowane naɗi irin ranar da aka ɗauke shi.

Yanzu ga magani, wato dibelofa. Aikinsa shi ne mayar da ƙwayoyin da haske ya taɓa su zama baƙar azurfa, kuma zafi yana sa shi gaggawa. Ilford ta ce a rage kusan kashi 10 cikin ɗari na lokaci a kan kowane digiri da aka ƙaru. Kodak kuma ta yi gargaɗin cewa wankin da bai kai minti 5 ba yana iya fitowa da dabbare-dabbare, domin lokacin zubawa da juyewa ya zama babban kaso na aikin. Waɗannan ƙa'idoji biyu su ne ma'aunin da nake ɗora kowane magani a kai.

D-76 na Kodak, wanda ya fito a 1927, da ID-11 na Ilford kusan abu ɗaya ne, kuma su ne ake gwada kowane fim da su. Barbashi matsakaici, inuwa cikakkiya, babu abin mamaki. In an surka shi ɗaya da ɗaya da ruwa, HP5 minti 13 yake ci a digiri 20, kusan 9 a digiri 24. FP4 minti 11. Tri-X ya ɗan gaza 10. Duka suna nesa da iyakar minti 5, ko bayan ka rage don farin rawani. Kuma hoda ne, ya fi sauƙin aikowa, don masu sayarwa da yawa ba sa ɗora maganin ruwa a jirgi. Matsalarsa tana farawa ne ranar da ka kaɗa shi. Hodar da ke cikin leda hatsi ne a rumbu, wanda aka kaɗa kuwa tuwo ne, kwanakinsa ƙidayayyu. Kodak ta ba shi wata shida a kwalba cikakkiya rufaffiya, wata biyu a wadda aka sha rabi, kuma wannan lissafin ɗaki mai sanyi ne, ba ɗakin Kano a Afrilu ba. Ba a raba hodar a kaɗa rabi, don sinadaran ba a gauraye suke daidai ba a cikin ledar. Dabarar ita ce ka sayi ƙaramin ƙunshi na lita ɗaya, ka kaɗa, ka rarraba a ƙananan kwalabe cike har wuya, ka tara fim ka wanke su a kusa da juna. Lita ɗaya naɗi shida za ta yi a surkin ɗaya da ɗaya, tunda tankin Paterson mililita 290 yake ci a kowane naɗi na fim mai faɗin milimita 35. Ga mai wanki kowane mako wannan ba matsala. Ga mai wanke naɗi ɗaya a wata, asara ce.

Xtol, na 1996, a takarda ya fi D-76: barbashi ya fi laushi, inuwa ta fi cika. Amma ƙunshinsa na lita biyar ne, ba ya son ruwa mai ƙarfe, irin wanda ya kwana a tsohon bututu ko tanki mai tsatsa, kuma in zai mutu ba ya canza launi ya faɗakar da kai. Hotunan biki guda suna iya tafiya a haka. Wanda ya nace masa, kafin kowane wanki ya tsoma guntun bakin fim a ciki a cikin haske, in bai yi baƙi ƙirin cikin 'yan mintuna ba ya zubar.

Rodinal shi ne akasin wannan. Momme Andresen ya haɗa shi wa kamfanin Agfa a 1891, yau Adox ke yin sa, Foma ma tana da irinsa da sunan Fomadon R09. Kwalbarsa tana shekaru a buɗe, ruwan ya yi duhu kamar ya lalace, amma ya ci gaba da aiki. A surkin ɗaya da hamsin, mililita 6 kake ja da sirinji, wato kwalbar rabin lita ta kai naɗi 80. Lokacinsa ma yana da tsawo: FP4 minti 15 a digiri 20, kusan 10 a digiri 24. Ga wanda wankinsa jefi-jefi ne, kuma ba shi da tabbacin firji, babu kamarsa. Halinsa ne sai an sani. Ba ya narkar da gefen barbashi yadda D-76 ke yi, saboda haka hoto yana fitowa da kaifi, barbashin kuma a fili. Da FP4 ko Fomapan 100 ko Kentmere 100 abin gwanin sha'awa ne, bangon ƙasa da saƙar tabarma suna fitowa har ka ji kamar ka shafa. Da fim 400 a ƙaramin naɗi kuwa, sararin sama da kumatun mutum sukan yi yashi-yashi, ruwa mai ɗumi yana ƙara abin, kuma yana ɗan cin inuwa, wadda ita muke ta fafutukar tsarewa. Wankin da ake barin fim sa'a guda a surkin ɗaya da ɗari ba tare da girgizawa ba, wanda ake ta yabo, bai dace da bazararmu ba, don kafin sa'ar ta cika ruwan tankin ya bi zafin ɗaki. Sannan Rodinal yana ƙona fata da ido. A sa safar hannu, kuma kada a taɓa zuba shi, ko wani maganin wanki, a robar lemo ko ta ruwan sha a gidan da yara suke. Wannan ba abin sakaci ba ne.

HC-110, wanda Kodak ta fitar a 1962, da takwaransa Ilfotec HC, su ne tsaka-tsaki, kuma su nake ganin sun fi dacewa da mai fim 400. Ruwa ne mai ƙarfi da ake ja da sirinji, sakamakonsa ya yi kusa da na D-76, yana daɗewa fiye da duk maganin da aka kaɗa daga hoda. An canza haɗinsa a 2019 ya rage kauri, kuma sunan da ya yi na shekaru bai mutu ba tsohon haɗin ne ya jawo masa, don haka sabon a rarraba shi a ƙananan kwalabe. Tarkonsa yana wajen surki. Wanda aka fi sani, ɗaya da talatin da ɗaya, minti 5 yake ba HP5 a digiri 20, Tri-X ma a jadawalin Kodak bai kai minti 4 ba. A digiri 24 ka faɗa ƙasa da iyaka sosai. Sai a ninka ruwan, ɗaya da sittin da uku, lokaci ya kusan ninkuwa. Abin kiyayewa shi ne kada maganin da ke cikin tanki ya gaza mililita 6 a kowane naɗi, don haka a haɗa abin da ya kai mililita 400 ko da naɗi ɗaya ne.

Ilfosol 3 yakan zo cikin kayan sabon shiga, amma a surkin ɗaya da tara FP4 bai kai minti 5 a cikinsa ba tun a digiri 20, kuma ba ya daɗewa bayan an buɗe. DD-X ya fi kowa iya turin fim zuwa 1600, sai dai mililita 60 yake ci a naɗi ɗaya. Diafine ne ya ba ni sha'awa: wanka biyu ne, minti uku-uku, yana aiki daga digiri 21 zuwa 29 ba tare da an canza lokaci ba, ana maimaita amfani da shi, kuma yana danne wuraren haske da kansa. Kamar don Kano aka yi shi. Amma ba ya karɓar ragi ko ƙari, hoton hunturu yakan fito a kwance a cikinsa, kuma samunsa ba kullum ba.

Akwai kuma wanda ake haɗawa da kayan gari, Caffenol, wanda ya samo asali daga gwajin wani aji a kwalejin fasaha ta Rochester a Amurka a 1995. Haɗin da aka fi sani a lita ɗaya: giram 54 na soda ash, giram 16 na garin bitamin C, giram 40 na kofi mai narkewa irin Nescafé, a narkar da su bi da bi a wannan jeri, a wanke kusan minti 15 a digiri 20. Soda ash yana wurin masu sayar da kayan haɗa sabulu, amma a tabbata ba kostik soda aka ba ka ba, don wannan zai saɓule jelatin ya kuma ƙona hannu. Kanwa 'yar'uwarsa ce ta wajen sinadari, sai dai ƙarfinta yana bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, ga ƙasa a ciki, ba a iya dogara da ita. Caffenol yana yin kyau da fim 100, fim 400 kuwa yakan yi hazo a cikinsa. Abin ajiyewa ne don ranar da magani ya ƙare, oda ba ta iso ba.

Duk wanda ka zaɓa, yadda ka sarrafa zafi shi ne rabin sakamako. A bazara kada ka wahalar da kanka neman digiri 20. Ka tsaya a 24, don tazararsa da zafin ɗaki ba ta da yawa, ruwan ba zai yi saurin hawa ba. Bayan sallar asuba ne lokacin aiki. Ka ɗebi ruwan randa, wanda ya riga ya sauka da kansa, ka cika baho. Ka sa ƙanƙara a ƙulle cikin leda, ka jera kofin dibelofa da na fiksa da ruwan ɗauraya duk a cikin bahon, ma'aunin zafi yana tsaye a kofin dibelofa. Ya nuna 24, ka cire ledar. Tankin ma a cikin bahon zai zauna tsakanin girgiza da girgiza, don tafin hannu kaɗai yana ɗumama shi. Kada tazarar ruwa da ruwa ta wuce digiri 5. Wajen ɗura fim a kwarkwaro kuma, baƙar jakar nan da ake zura hannu tana haɗa gumi cikin minti biyu, kuma da zarar laima ta taɓa kwarkwaron roba fim ya cije ya ƙi tafiya. Gara ka toshe ɗaki da daddare ka ɗura a fili, ka rufe tanki, ka bar shi har asuba.

Ruwan haɗa magani ya zama tatacce, ruwan leda mai kyau ya wadatar. Wajen ɗauraya, hanyar Ilford ta dace da mai sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa: cika tanki ka juya sau 5 ka zubar, sake cikawa sau 10, sannan sau 20, kusan lita ɗaya ke nan. Sharaɗinta fiksa ya zama marar sinadarin taurara fim, irin Ilford Rapid Fixer a surkin ɗaya da huɗu. Fiksan hoton asibiti yana aiki, amma yawanci yana da sinadarin, sai an tsawaita ɗauraya. Dibelofan asibiti kuwa ya yi tsanani ga hoton mutane. Ruwan ƙarshe a ɗiga masa maganin hana tabon ruwa irin Photo-Flo ko Ilfotol, a rataye fim a banɗaki bayan an yayyafa ruwa a ƙasa an rufe ƙofa da taga, don ƙurar da ta hau jiƙaƙƙen fim ta zauna ke nan.

To, mai fara koyo ya ɗauki Kentmere 100 ko FP4 da kwalbar Rodinal, ya zauna a kansu har ya san halinsu a bazara da hunturu. Mai yawo a kasuwa da zauruka, ko mai ɗaukar biki da hawan Sallah, HP5 da HC-110 ko Ilfotec HC a surki mai ruwa-ruwa. Wanda ke wanki kowane mako kuma yake buga hotonsa a takarda, HP5 da FP4 a cikin ID-11 ɗaya da ɗaya, don shi ya fi fitar da matakan toka a fuska. In ka tsayar da fim ɗinka, babban naɗi na mita 30.5 yana ba da kusan naɗi 18 masu hoto 36, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Wanda zai taho maka da shi ta jirgi ka roƙe shi kada ya sa a jakar da ake aunawa, ya kuma nemi a duba da hannu, domin Kodak ta yi gargaɗin cewa sababbin na'urorin CT na filayen jirgi suna lalata fim ko da sau ɗaya ya ratsa. In ya iso, a sa shi a roba mai murfi sosai kafin a kai firji, saboda raɓar da ɗaukewar wuta da dawowarta ke haifarwa, a kuma bar shi ya huce sa'a ɗaya ko biyu kafin a buɗe. A odar farko ka sa fiksa fiye da yadda kake zato, don dibelofa yana da madadi a kasuwar gari, fiksa kuwa ba a haɗa shi da kayan kicin.